Ban-ruwan ɗigo a lambun buhu: yadda nake haɗa shi da bokiti da robar ƙarin ruwa

Duk matar da ke zaman haya a Kano, in tana sha'awar shuka, abu biyu ne ke sare mata gwiwa. Tsakar gidan siminti ne, kuma ba nata ba ne balle ta fasa. Ko da ma ƙasa ce, ranar da mai gida ya ce yana son gidansa, abin da ta shuka ya zama rabon wani. Sai kuma ruwa. A unguwanni da yawa famfo ya daɗe da zama ado, kowace jarka sai an tare mai kura an biya. Matsalar farko buhu ya magance ta, domin lambun buhu ana ɗaukarsa a tafi da shi. Ta biyun ita ce nake son mu zauna a kanta, don na ga mata da dama sun fara da zumuɗi a watan Nuwamba, kafin watan Maris sun haƙura saboda ruwa ya fi tumatirin tsada.

In kika ɗauki moɗa kika kwara wa buhu ruwa, tsaya ki duba gindinsa bayan minti biyu. Za ki ga ruwan ya biyo gefe, tsakanin ƙasa da jikin buhun, ya tsiyaye a siminti. Abin da ya rage a sama kuma rana da iskar hunturu su lashe shi kafin azahar. Saiwa kaɗan take samu. Ban-ruwan ɗigo shi ne ki bar ruwan ya riƙa sauka ɗis-ɗis a gindin shuka, a hankali yadda ƙasa za ta shanye kowane ɗigo kafin na biyu ya iso. Manyan gonaki da bututu na musamman suke yi. Wani injiniya mai suna Simcha Blass ne ya ƙera irin na zamani a Isra'ila, aka kafa kamfanin Netafim a 1965 a kan aikinsa, kuma cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi shekaru tana koya wa masu lambu a Nijar irin wanda ba ya buƙatar inji, sai tanki a kan tudu. Namu na gida ƙanin wannan ne: nauyin ruwa ne ke tura kansa, babu wuta babu fetur.

Ki fara da buhun kansa, don in ƙasar ba ta yi ba, ɗigo ba zai gyara ta ba. Buhun shinkafa ko na taki wanda aka wanke ya isa, irin mai saƙar leda, saboda da kansa yake fitar da rarar ruwa. Ki naɗe bakinsa zuwa rabi. Kada ki cika shi. Rabin buhu mai danshi ma sai mutum biyu sun kama, cikakke kuwa ya tashi daga lambun ɗauka. Ni haɗina shi ne kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya taki wanda ya ruɓe sarai, kashin awaki ko na tumaki, kashi ɗaya kuma buntun shinkafa ko garin gawayin da ke taruwa a gindin buhun gawayi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya daɗe a jibge ya ruɓe ya huce. Ki ɗora kowane buhu a kan guntun katako ko bulo, kada ya zauna cikin ruwan da ya fitar. Tumatir, attarugu, tattasai, kuɓewa, gauta: gindi ɗaya a buhu ɗaya, in ya yi yawa biyu. Na san ido yana son ganin buhu cike da tsiro, amma cunkoso ganye kawai yake bayarwa.

In buhunanki ba su wuce uku ko huɗu ba, ba sai kin wahalar da kanki da tiyo ba. Babbar gorar ruwa mai lita 1.5 ta wadatar. Ki gasa allura a wuta, ki huda ƙananan ƙofofi biyu a gefen gorar, yatsa ɗaya sama da gindinta, ki binne ta zuwa rabi kusa da shukar, ƙofofin suna kallon saiwa. Murfin shi ne famfonki. In kin ɗaure shi tam, iska ba ta shiga, ruwan zai ɗan fita ya tsaya cak. In kin sassauta kaɗan sai ya ci gaba da tsattsafowa. Da hannu za ki nemo daidai. Aibin gora shi ne ba kya ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa, wata ta ƙare cikin awa ɗaya, wata ta kwana cike saboda laka ta toshe ta. Shi ya sa da buhuna suka ƙaru na koma bokiti.

Ga kayan da ake nema. Bokitin fenti mai lita 20 da murfinsa, a wanke shi tas, ko jarka mai lita 25 wadda mai na ci ne kaɗai ya taɓa zama a ciki. Wadda aka zuba fetur ko maganin feshi a cikinta ba ta shiga wannan aiki. Tiyo baƙi mai rabin inci, tsawon layin buhunanki da ƙarin mita biyu. Masu kayan famfo suna yankawa da mita, a Kasuwar Ƙofar Ruwa ko kowane shagon unguwa. Ƙaramin famfon roba irin na jikin tankin wanke hannu, mai zare da danƙonsa. Tsohon tub na keke daga wurin mai faci, a yayyanka shi siri-siri, shi ne igiya shi ne gam. Dogon katako siriri ko sanda miƙaƙƙiya. Sai robar ƙarin ruwa, wadda ake sa wa marar lafiya a asibiti, guda ɗaya ga kowane buhu.

A kan wannan robar ina da magana, kuma don Allah ki riƙe ta. Sabuwa za ki saya a kemis, a cikin ledarta ba a buɗe ba. Kada ki karɓi wadda aka yi amfani da ita, ko wa ya ba ki, ko an ce an wanke. Jini yana komawa cikinta, kuma ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi. Kuɗin sabuwa bai kai a yi kasada da ran yara ba. Da kin buɗe ledar, ki cire allurar da ke ƙarshenta da murfinta, ki jefa cikin gora ki ɗaure, kada ta kwana a inda hannun yaro zai kai. Abin da kike so a jikinta uku ne: tsinin roba na sama, 'yar kwalbar da ake ganin ɗigo a ciki, da ɗan gangaren da ake murzawa a ƙara gudu ko a rage.

Bokitin sama zai hau. Gindinsa ya ɗara bakin buhunan da kamar mita ɗaya, ko fiye kaɗan. Dalili shi ne gudun ɗigon ya dogara ga tazarar da ke tsakanin saman ruwan da inda yake fita. In bokitin yana ƙasa-ƙasa, da safe yana cike ɗigo zai yi sauri, da ruwan ya yi rabi sai ya koma tafiyar hawainiya. In yana sama sosai, bambancin cike da rabi ba ya yin yawa. Bulo da aka jera a jikin katanga ya yi, tsohon tebur mai ƙarfi ma ya yi. Ki tuna lita 20 na ruwa kilo 20 ne. Na fi son a sa kafinta ya buga 'yar kanta a bango, a kuma zagaye bokitin da igiya, domin gidan da ke da yara babu abin da ba a ja.

Ƙofar famfon kada ki huda ta a can gindi. Ki bar kamar yatsa biyu, wurin da laka da yashi za su kwanta ba tare da sun shiga tiyo ba. Ki gasa bakin guntun ƙarfe ki huda, ki gyara da wuƙa har zaren famfon ya shiga da ƙyar, danƙo ɗaya ciki ɗaya waje, ki ɗaure. Ta ciki, ki rufe bakin famfon da ƙyalle mai laushi, guntun gidan sauro ninki uku ko tsohon ɗankwali, ki ɗaure da tub. A bakin bokitin ma ki shimfiɗa wani ƙyallen wanda duk ruwan da za a zuba sai ya ratsa shi. Tata biyu ke nan, kuma ba su yi yawa ba. Hanyar da ruwa ke bi a ƙarƙashin gangaren nan ba ta kai kaurin zare ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tsayar da ita, kuma ba za ki sani ba sai kin ga ganye ya langaɓe. Duk lambun ɗigon da na ga ya mutu a hannun maƙwabta, toshewa ce ta kashe shi, ba ƙarancin ruwa ba.

Yanzu tiyo. Yawancin masu kwatanta wannan aiki a ƙasa suke shimfiɗa shi, amma da robar ƙarin ruwa hakan ba ya yi, saboda 'yar kwalbar sai tana rataye a tsaye, tsini sama, kafin ki iya ganin ɗigo. Don haka ki kafa katakon nan a kwance a saman layin buhunan, kamar kamu biyu sama da bakinsu, ƙasa da gindin bokiti, ki haɗa bakin tiyon da famfon bokiti, ki bi katakon da shi kina ɗaurewa da tub. Ya miƙe sambal, kada wani gefe ya fi wani tudu. Ƙarshen tiyon ki lanƙwasa shi gida biyu ki ɗaure. Kada ki liƙe shi da wuta, za ki buƙaci buɗe shi. Daidai saitin kowane buhu, ta ƙarƙashin tiyon, ki huda da ƙaramar ƙusa mai zafi. Ramin ya fi tsinin ƙanƙanta. Ki tura tsinin kina murzawa har ya shige ya kama gam, sannan ki naɗe wurin da siririn tub. Wasu robobin suna da ɗan murfin iska a gefen tsinin, ki rufe shi. Igiyar robar doguwa ce, ki yanke ta daidai yadda za ta kai gindin shuka, ki soke ɗan tsinke a ƙasa ki ɗaure bakinta a jiki, yatsa uku ko huɗu daga karan shukar. Bakin ya tsaya a saman ƙasa kaɗan. In ya nutse, laka za ta toshe shi. In kuma yana zuba a jikin kara, gindin ruɓewa yake.

Ranar farko, kafin ki ɗaure ƙarshen tiyon, ki buɗe famfo ruwa ya wanke ɓarɓashin robar da huji ya bari, ya kuma kori iska. Sannan ki ɗaure, ki matsa kowace 'yar kwalba sau ɗaya ko biyu har ruwa ya kai rabinta, ki buɗe gangaren gaba ɗaya ruwa ya zubo, sai ki fara murzawa baya a hankali. Za ki ga zubar ta tsinke ta koma ɗigo. Ɗigon yakan taru a bakin ɗan bututun ciki, ya kumbura, ya yi rawa, ya faɗo. Daga nan ƙidaya ce.

Ƙidayar ba ta da wuya. A jikin ledar robar manya an rubuta cewa ɗigo 20 shi ne mililita 1. Ki duba taki, don akwai ta yara mai ɗigo 60, ba ita kike so ba. In ɗigo ɗaya yana sauka a kowace daƙiƙa, a minti ɗaya an sami mililita 3, a awa ɗaya mililita 180, wato ɗan fiye da cikin ƙaramin gwangwanin madarar ruwa. In biyu ne a daƙiƙa, mililita 360. Babban gindin tumatir da ya fara fure yana shan lita 1 zuwa 2 a rana, gwargwadon zafi. Dashe sabo rabin lita ya ishe shi. A ce buhu goma gare ki, kowanne kina son ya sami lita 1.5: lita 15 ke nan, bokiti ɗaya ya ɗauke. Da ɗigo biyu a daƙiƙa zai ƙare cikin awa huɗu da 'yan mintoci. Ni bayan sallar asuba nake cikawa in buɗe, kafin rana ta take ya gama. In babu agogo a kusa, ki ajiye gwangwanin madara a bakin kowace igiya, ki je ki yi shara ki dawo. Wanda ya fi sauran cika ki rage masa, wanda ya gaza ki ƙara.

Lissafi jagora ne kawai, ƙasar ce mai yanke hukunci. Da la'asar ki tura yatsa har gaɓa ta biyu, ɗan nesa da inda ruwan ke sauka. In da sanyi da danshi, ya yi. In ruwa yana fita ta gindin buhu kullum, ya yi yawa. Akwai kuma bambancin ƙasa da ya kamata ki lura da shi. A ƙasa mai yashi irin ta jigawa, ɗigo miƙewa yake ƙasa a tsaye, ya jiƙa siririn wuri ya bar gefe a bushe. A mai laka yaɗuwa yake. In ƙasarki mai yashi ce, ki rage gudun ki tsawaita lokacin, ki kuma riƙa sauya wa bakin igiyar gefe duk bayan 'yan kwanaki. Sannan ki rufe saman buhun da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko buntu, kaurin yatsa biyu. Wannan rufin yana ceton ruwa sosai, ban taɓa barin buhu tsirara ba.

Gangaren nan ba a saita shi sau ɗaya a manta. Roba ce mai laushi, in rana ta gasa ta sai ta lotsa a inda aka matse, ɗigon ya ragu da kansa. Kowace safiya ki bi layin da ido. Aikin minti biyu ne. In kin ga wata ta tsaya, ki buɗe gangaren duka ruwa ya wanke ta, ki ɗan matsar da shi zuwa wani wuri a jikin igiyar, ki sake saitawa. Kuma da yake igiyar garau take, haske yana shiga, gansakuka tana tsirowa a ciki ta yi kore. Ki naɗe ta da baƙar leda ko tsumma, ki bar 'yar kwalbar kaɗai a buɗe. Ko da hakan, ba ta wuce kaka ɗaya, ki sa a ranki za ki sabunta. Sau ɗaya a mako ki kwance ƙarshen tiyo ki bar ruwa ya fita da ƙarfi cikin wani bokiti, ki wanke ƙyallayen tata, ki zubar da lakar gindi.

Murfin bokiti dole ne, saboda sauro. Ruwa mai tsabta da ke zaune shi ne wurin da yake ƙwai, kuma cikin mako guda zuwa kwana goma tsutsar ta zama sauro. Ba zan noma attarugu in girbe zazzaɓi ba. Amma kada murfin ya toshe iska gaba ɗaya, in ba haka ba ruwan zai tsaya kamar na gora. Ki huda ƙaramar ƙofa ki rufe ta da gidan sauro.

Wane ruwa ake zubawa? Na rijiya, na burtsatse, na mai kura, duk sun yi in an tace. In ya zo da jan laka, ki bar shi ya kwana ya kwanta tukuna. Ruwan alwala da aka tara a baho yana da kyau ƙwarai, mu a gidanmu ba a zubar da shi. Ruwan wanki mai omo ko bilic ba ya zuwa kusa da shuka. Ruwan wankin shinkafa da ruwan taki da aka jiƙa suna da amfani, sai dai da moɗa za ki ba su, kada su shiga bokiti, don kwana biyu sun isa su yi yauƙi su toshe komai. In ruwan unguwarku mai zartsi ne, za ki fara ganin farin zobe a saman ƙasa, a iyakar inda danshi ya tsaya. Gishiri ne ɗigo ya tura gefe ya tara. Ki kankare shi da cokali, kuma duk bayan mako biyu ko uku ki kwara wa buhun ruwa mai yawa har ya fita ta ƙasa ya tafi da sauran.

Ganye irin su alayyafo, latas da lalo, waɗanda ake yafa irinsu a faffaɗan baho, ɗigo a wuri ɗaya ba ya isarsu. A nan tsohuwar dabara ta fi: ƙaramin tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, a binne a tsakiyar bahon har wuya, a cika a rufe da kasko. Ruwan yana tsattsafowa ta jikinsa, kuma in ƙasa ta bushe ya fi fita, in ta jiƙe ya ragu. Ki shuka kewaye da shi. Bahon kuma a huda masa gindi.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40 har ya wuce, abubuwa biyu ke sauyawa. Ruwan da ya tsaya cikin baƙin tiyo da rana zafi yake yi sosai, don haka kada ki buɗe famfo da azahar. Asuba da bayan la'asar sakaliya. Ki kuma lulluɓe bokitin da jiƙaƙƙen buhun algarara. Na biyu, tumatir yana zubar da fure a irin wannan zafi ko da ruwa ya wadata, kada ki ɗauka ƙishi ne ki yi ta ƙarawa har saiwa ta ruɓe. A nan amfanin buhu yake fitowa: ki ja su zuwa jikin katangar da ke samun ranar safe da inuwar yamma. Tumatir na hunturu ne. Bazara ta kuɓewa ce da yakuwa da barkono.

In tafiya ta kama, biki ko gaisuwa, a rage gudu a ƙara ruwa. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa huɗu yana ba da ɗan fiye da lita 1 a kwana, buhu goma lita 11, jarka mai lita 25 za ta kai kwana biyu da ɗoriya. Ki jiƙa buhunan sosai kafin ki fita, ki saita tun jajibiri don ki ga ko ya tsaya daram. Sai dai ɗigo mai jinkiri ya fi saurin tsayawa, shi ya sa in tafiyar ta wuce kwana biyu nake barin sallahu wurin maƙwabciyata: «Maman Abba, don Allah in kin leƙa da safe, wadda kika ga ba ta ɗiga ki murza mata.» Wanda bai taɓa shuka ba ma yana gane wannan.

Ranar tashi daga gida kuwa, kada ki ba da ruwa tun jiya, buhu ya yi sauƙi. Ki rufe gangaren duka, ki kwance bakin igiyoyin daga tsinkayensu, ki bar tsinin a jikin tiyo; yawan cirewa da mayarwa yana buɗa ramin ya fara yoyo. Ki cire tiyon daga famfo, ki ɗauke shi tare da katakonsa. Dogayen shuka a ɗaure su a sandunansu, a warware naɗin bakin buhu a ja shi sama ya kare ganye. A kama buhu ta gindi, don wanda ya sha rana bakinsa yagewa yake. In ya riga ya fara ɓurma, a zura shi cikin wani sabo yadda yake. Da yamma ake ɗauka, a kura ko a-daidaita-sahu, kuma a sabon gida a ba su kwana biyu a inuwa da ruwan moɗa kafin a sake kafa layi. Da damina ta kankama a watan Yuni ko Yuli, ki kwance komai, ki wanke tiyo da bokiti, ki shanya, ki adana a ɗaki nesa da rana da ɓera har Oktoba. Buhunan kuma ki ƙara musu bulo a ƙarƙashi saboda ruwan da ke kwanciya a tsakar gida.